Akta Ba Ya Mutuwa: To Waye Akta a Sholay?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum 'yan zaure. Ku zo ku raba ni da Auta tun kafin in yi masa abin da ba a yi wa ƙani. Ɗazu bayan isha'i muna zaune wajen mai shayin bakin layinmu, hira ta gangara kan finafinan da, na ce a duk Indiyan da na kalla babu mutuwar da ta tsaya min a rai kamar ta Amitabh a Sholay. Yaron nan ya kurɓi shayi, ya dube ni, ya ce wai in dai ya mutu to ba shi ne aktan ba, don akta ba ya mutuwa. Kuma fa ko sau ɗaya bai taɓa kallon fim ɗin ba! To ga ƙara na kawo. Waye akta a Sholay, Amitabh ko Dharmendra?

Autan Gida: Yaya ka faɗi gaskiya mana, na kalli gutsattsarinsa a waya. Kuma ba ni na kafa dokar ba, haka muka taso muka tarar. A gidan kallo ko an jefa akta daga saman bene mai hawa goma babu wanda yake tashi, kowa ya san zai miƙe ya karkaɗe riga. Wanda ya rage da rai a ƙarshe, ya lakaɗa wa bos duka, ya tafi da yarinya, shi ne akta. Waye ya yi wannan a fim ɗin naku?

Ɗan Zazzau: Dharmendra. Shi ke nan, an gama shari'a, kowa ya je ya kwanta.

Maman Khalifa: Wa alaikumus salam. Kai Bazazzagi da wuri haka? Ai ko kotun tafi-da-gidanka ta fi ka sauraron shaidu.

Kawu: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Auta, zo nan ɗana. Shekarar da aka saki fim ɗin nan, 1975, ran 15 ga Agusta, babanka ma bai san zai haife ka ba. Ni a silima na fara ganinsa, irin silimarmu ta da marar rufi, kana kallon allo taurari na kallonka. Mu 'yan kujerar gaba ne, masu arha, in ka fito wuyanka sai ya kwana biyu yana ciwo. Kuma ka sani ba fassara a lokacin, ba rubutu a ƙasan allo, da ido da zuciya ake fahimta. Amma daren nan da Jai, wato Amitabh, ya mutu a hannun abokinsa Veeru, wato Dharmendra, wallahi silima ta yi tsit har kana jin mai gyaɗa yana tallarsa a bakin ƙofa. Wani ƙato a gefena, wanda ɗazu yake ihu yana dukan benci, sai ga shi yana goge ido da hula. Ba a yi wa yaron akta irin wannan kukan.

Autan Gida: Allah ya ja kwana Kawu. Amma ai kuka ba hujja ba ne. Ko akuya ce ta mutu a fim ɗin Indiya, in aka saka mata goge sai an yi hawaye.

Ɗan Damagaram: Hhhhh yaro ya yi magana. Ku Kanawa dama kukanku ba wuya, in dai ba kuɗi aka ce ku fiddo ba.

Ɗan Fagge: Ga shi nan ya iso. Bawan Damagaram, an kawo muku kuran, wato wutar lantarki, ke nan yau?

Ɗan Damagaram: An kawo, ubangidanka na magana kana tsoma baki. To ku ji tawa. Ni ina bayan Auta da Bazazzagi, amma ba don dokar gidan kallo ba. Ku duba sunayen da ake jerowa a farkon fim ɗin, sunan Dharmendra ne a gaba. A lokacin shi ne babban tauraro, Amitabh yana tasowa ne, Zanjeer da ya ɗaga shi a 1973 ya fito. Waƙoƙin ma ku ƙirga: Veeru ne da waƙar keken doki, shi ne da ta bikin watsa fenti na Holi, shi aka ɗaure budurwarsa Basanti ta yi rawa a kan fasassun kwalabe don a bar shi da rai. Wasan barkwancin tankin ruwa nasa ne. Jai fa? Yana kwance ya rufe fuska da hula, sai ya jefo baƙar magana ɗaya ya koma barci. Masu fim sun san wanda suka ba wa kaya mai nauyi. Ba banza kuka sa wa Dharmendra Sarkin Ƙarfi ba.

'Yar Jos: Sannunku da hira. Ina ta karantawa ina dariya, na ce ba zan sa baki ba amma Ɗan Damagaram ya tsokano ni. Yawan waƙa ne akta? To ai da Helen mai rawa ma ta shiga takara. Ni tambaya ɗaya zan yi: a cikin su biyun, waye yake yanke shawara?

Ɗan Zazzau: Kwabo ne yake yankewa. Komai sai sun jefa kwabo.

'Yar Jos: Yawwa, ka kawo kanka. Kwabon waye?

Ɗan Zazzau: Na Jai.

'Yar Jos: To Auta toshe kunnenka in ba ka so a ɓata maka, ko da yake fim mai shekara hamsin ba a cewa an tona asirinsa. Kwabon nan fuskarsa biyu iri ɗaya ce. Duk inda ya faɗi Jai ne ya ci. Veeru bai gane ba sai bayan Jai ya cika, ya ɗauki kwabon ya juya shi. Yanzu ku koma farkon fim da wannan sanin. A jirgin ƙasa, lokacin da 'yan fashi suka harbi Thakur, wanda daga baya ya ɗauko hayarsu, a sannan yana ɗan sanda, su biyun fursunoninsa ne, ga hanya a buɗe su gudu. Veeru gudun yake so. Jai ya ce a jefa kwabo, in kai ya fito a kai shi asibiti. Ya san kai ne zai fito! Wato tun a nan ya riga ya zaɓi su ceci mutumin da zai kai su gidan yari, amma bai tsaya yi wa abokinsa wa'azi ba, bai ce ni na fi ka imani ba. Sai ya ɗora wa sa'a. Haka a gada a ƙarshe: harsashi ya kusa ƙarewa, dole ɗaya ya tsaya ɗaya ya tafi da Basanti ya kawo ƙari. Jai an riga an harbe shi, ya ɓoye. Ya sake fito da kwabo. Mutumin da ya tsara ranar mutuwarsa da hannunsa don abokinsa ya rayu, kuma ya bar abokin yana zaton ƙaddara ce ta raba, shi za ku ce ba akta ba? Veeru yana cikin labarin ne, Jai ne yake tuƙa shi.

Maman Khalifa: Allah ya yi miki albarka ƙanwata. Na rasa yadda zan faɗa ne kika faɗa min.

Ɗan Fagge: 'Yar Jos, turo lambar asusunki, shayin gobe a kaina.

Ɗan Damagaram: Ku ji Bakano zai yi kyauta, lallai tashin duniya ya matso. Hajiya hujjarki ta yi nauyi, ban musa ba. Amma fa in muka bi ta nan, abin da kika bayyana sunansa ha'inci. Shekara da shekaru kana damfarar amininka da kwabon bogi. Ni da nine Veeru, bayan na gama kuka sai na zauna na ƙirga sau nawa aka cuce ni.

'Yar Jos: Cutar da ake yi maka don a hana ka aikata abin kunya? Allah ya ba ni mai cutata irin wannan. Kuma akwai sau ɗaya da kwabon bai ba kowa ba: a cikin waƙar babur mai kwando a gefe, da suka jefa a kan wata yarinya, tsayawa ya yi a kan gefensa. Masu labarin da kansu suna ce maka mace ba za ta shiga tsakaninsu ba.

Kawu: Wannan wajen ai silima dariya ta ɗauka. Mu a lokacin ba mu kawo komai ba, sai a kallo na uku na huɗu mutum yake cewa au, ashe!

Autan Gida: Tsaya, sau nawa kuka kalla ne wai?

Kawu: Ni na daina ƙirgawa a goma sha. Kai a Bombay akwai silimar da ake kira Minerva, sama da shekara biyar tana nuna shi ba a sauke ba. Kuma da farko ba a yi zaton zai karɓu ba, makonnin farko 'yan jarida sun ce ya faɗi. Daga baya har maganganun cikinsa aka buga a faifai ana sayarwa daban, ba waƙa ba fa, magana zalla. Mu nan ma akwai samarin da suka haddace maganar Gabbar, bos ɗin fim ɗin, kaf, ba su san ma'anar ko kalma ɗaya ba, amma in suka ɗauko ta da muryar nan sai ka waiga.

Malam Na Zango: Assalamu alaikum. Gaisuwa daga Kumasi. Kawu ya ambaci sunan da nake jira. Ku duka kun bar jaki kuna dukan taiki. Sholay fim ɗin Gabbar ne. Ku tambayi duk wani dattijo a zango ya faɗa muku abin da ya tuna, ba zai fara da Jai ko Veeru ba. Zai fara da takun takalmi a kan duwatsu, da bel ɗin harsashi yana jan sa a ƙasa. Kusan awa guda ana fim ba a nuna fuskarsa ba, sunansa kawai ake ji, mutanen ƙauye suna auna hatsi suna ba yaransa. Da ya fito kuma bai yi ihu ba. Yara uku sun dawo hannu rabbana, mutum biyu sun kore su. Ya karɓi libarba mai harsashi shida, ya harba uku a sama, ya juya, ya ɗora wa kowannensu a ka. Duka ukun suka tsira. Ya fara dariya, su ma suka fara, dutse gaba ɗaya ya ɗauki dariya, har kai mai kallo ka saki jiki. Sai ya juyo ya zube su da ukun da suka rage. Tun daga nan duk lokacin da ya yi murmushi cikinka sai ya ɗuri ruwa. Cire Gabbar ka sa wani bos mai jan ido da ƙaton ciki, me ya rage? Ɓarayi biyu da mai keken doki mai surutu.

Ɗan Zazzau: Malam, bos dai bos ne. Ba a taɓa yin fim ɗin da bos ya zama akta ba.

Malam Na Zango: To me za ka ce da kamfanin biskit da ya ɗauki Amjad Khan, wanda ya fito a Gabbar, da kayan Gabbar ɗin a jikinsa, ya yi masa tallar biskit na yara? Mutumin da ya harbe ƙaramin yaro a fim! Ka taɓa jin an yi wa wani bos haka? Kuma shi ne babban fim ɗinsa na farko. Asali wani ɗan wasa Danny Denzongpa aka ɗauka, aikin wani fim a Afganistan ya riƙe shi, rabo ya faɗo kan Amjad.

Maman Khalifa: Ni dai Allah ya sani har yau ba na son ganin wajen lilon nan. Bayan ya kashe iyalan Thakur, ba kiɗa ba komai, sai ƙarar lilo yana kaiwa yana komowa, ga yaron ya fito a guje ya tsaya a gabansa. Ba a nuna harbin ba, sai aka yanko jirgin ƙasa yana huci. Mu mata ba ma zuwa silima, ku kun sani, wadda ta je ta gama auruwa a unguwa. A bidiyo na gan shi gidan maƙwabta, kaset ɗin ya sha hannu har hoton yana rawa, mu kusan ashirin a tsakar gida kan tabarma. Ana zuwa wajen nan aka ɗauke wuta. Sai washegari muka ƙarasa, ni kuwa daren nan ban runtsa ba, ƙarar ƙofar langa-langarmu kawai nake ji kamar lilon.

Autan Gida: Anti kin sa na fara jin tsoro tun ban kalla ba.

Ɗan Fagge: Ka ga irinta ko? Ɗazu kake cika baki.

Maman Khalifa: Amma ni ba wannan ne ya kawo ni ba. Akwai abin da yake ci min tuwo a ƙwarya tun ina budurwa, yau sai na amayar. Radha. Matar ɗan Thakur, yarinya ɗanya shakaf, mijinta ya mutu a harin Gabbar, an naɗe ta cikin farin zane kamar likkafani, ba kwalliya, ba dariya, aikinta kashe fitilu da daddare. Jai yana zaune a ƙasa yana busa ɗan abin busarsa, ita tana sama tana rage fitila ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ce wa wani uffan. Wallahi soyayyar nan ta fi ta Veeru da Basanti sau dubu, su wancan ai hayaniya ce. To mu da muke kallo a tsakar gida abin ya ɗaure mana kai. Wata gwaggonmu ta ce, wai ita wannan takabar tata ba ta ƙarewa ne? Don mu a nan wata huɗu da kwana goma ne, ki yi wanka, ki sa lalle, zawarawa su fara sallama. Sai daga baya na gane a al'adarsu ta Hindu, musamman a ƙauye, auren bazawarar da miji ya mutu babban abu ne.

'Yar Jos: Kuma fa a fim ɗin an amince. Thakur da kansa, uban mijinta, ya je wajen mahaifinta ya nema wa Jai.

Maman Khalifa: Shi ne ai abin da ya ƙona min rai! An kai mu har bakin rijiya an hana mu sha. Ni a ganina da gangan masu labarin suka kashe Jai. Sun nuna su wayayyu ne, sun yarda bazawara ta yi aure, amma ba su da ƙarfin halin nuna ɗaurin auren a allo, sai suka aika ango lahira. Kowa ya huta, ba wanda zai zage su. Aka bar baiwar Allah tana rufe taga.

Kawu: Hajiya, wannan fassarar taki ta yi tsauri. Salim da Javed ne suka rubuta, kuma a shekarar nan dai suka kashe Amitabh a Deewaar, can kuwa ba wannan matsalar. Mutanen nan sun gane cewa Amitabh yana da fuskar da mutuwa take yi wa kyau. Ki duba Muqaddar Ka Sikandar a 1978, ki duba Shakti a 1982, har Agneepath a 1990, duk mutuwa ya yi. Shi ya sa dokar Auta ta ban dariya. In akta ba ya mutuwa, to Amitabh ya yi shekara ashirin yana yaron akta ke nan.

Maman Khalifa: Kawu ban ƙi taka ba, amma ba ta goge tawa ba. Ana iya jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Ɗan Zazzau: Salim ɗin nan shi ne baban Salman Khan ko?

Kawu: Shi ne.

Autan Gida: To ni bari in kare kaina, an yi min taron dangi. Mu finafinan da muka taso da su daban ne. Ku ɗauki Baahubali. An soki akta ta baya, Kattappa da ya horar da shi ne ma ya soke shi, duniya ta yi shekara biyu daga 2015 zuwa 2017 tana tambayar dalili. Amma da aka tashi, wa ya dawo ya kashe bos ɗin, Bhallaladeva? Prabhas ɗin dai da ya fito a uban, a matsayin ɗa. Fuska ɗaya, ƙwanji ɗaya. Ka ga an kashe akta kuma ba a kashe shi ba. Su ma masu fim sun san ba za mu yarda mu fita daga kallo akta yana kabari ba.

Ɗan Damagaram: Wannan yaron lauya za shi zama.

'Yar Jos: Auta hujjarka ta yi kyau, amma ka lura a kan wa kake magana? Har yanzu ba ka ce komai a kan ɗan ba sai cewa ya rama. Wanda mutane suke so shi ne uban, wanda ya mutu. Da Kattappa, bawan da aka ba umarni ya kashe wanda ya fi so, ya bi umarnin sarauniya Sivagami yana kuka. Ɗan ai ɗan aike ne, ya zo ya share fage.

Autan Gida: Anti ke dai duk wanda ya mutu naki ne. Titanic ma nasan Jack za ki ce.

'Yar Jos: A'a, wannan ganganci ne, ƙyauren nan zai ɗauki mutum biyu.

Ɗan Fagge: Hhhhh kar ku buɗe wannan, sai mu kai asuba.

Malam Na Zango: Tunda an zo maganar ƙarshen fim, ku san cewa ƙarshen Sholay da muka gani ba shi darakta Ramesh Sippy ya fara ɗauka ba. A na asali Thakur ne yake kashe Gabbar, da takalmin nan mai ƙusoshi, tunda ba shi da hannu. Hukumar tace finafinai ta ƙi. Lokacin Indira Gandhi ta kafa dokar ta-ɓaci a watan Yunin 1975, ba a son a nuna tsohon ɗan sanda ya ɗauki doka a hannunsa. Dole aka koma aka sake ɗauka, 'yan sanda suka iso a daidai lokacin da zai taka shi, suka yi masa nasiha, aka tafi da Gabbar a ankwa.

Ɗan Zazzau: Ɗaukar doka a hannu kuma, mutumin da ba hannu?

Maman Khalifa: Kai Bazazzagi Allah ya shirye ka!

Kawu: Ka ga wannan shi ya sa muka fito silima ranmu a jagule. An kashe masa 'ya'ya da jika, an sare masa hannaye biyu, an kashe Jai, an kashe ɗan liman, sannan a ce a kai kotu? 'Yan sandan da duk fim ɗin ba su tsinana komai ba sai yanzu suka san hanyar dutsen? Wani a bayana ya miƙe ya ɗura wa allo ashar. Da na ga ƙarshen na asali bayan shekaru, Thakur ya gama da shi sannan ya durƙushe yana kuka, sai na ce to, ga fim ɗin nan. Don in kun bi ta tsanaki, gaba ɗaya labarin nasa ne. Shi aka zalunta, shi ya ɗauko hayar yaran nan biyu, shi ya ce a kawo masa Gabbar da rai. Ku tuna ranar bikin fenti da aka kawo hari, bindiga tana gabansa a ƙasa, Veeru yana roƙonsa ya jefo masa, ya tsaya ƙiƙam. Muka tsine masa a silima, muka ce matsoraci ne. Sai da iska ta yaye mayafin muka ga hannun riga yana lilo.

Ɗan Damagaram: To yanzu 'yan takara sun zama huɗu ke nan. Kawu ya tsaida Thakur, Malam ya tsaida Gabbar. Saura wa zai tsaida Dhanno, godiyar Basanti? Ita ma ta yi gudun ceton rai.

Ɗan Zazzau: Ni na tsaida ta. Ta fi wasu aktocin yanzu iya wasa.

Kawu: Abin da zai ba ku mamaki, Sanjeev Kumar da ya fito a Thakur, dattijon nan mai furfura, Dharmendra ya girme shi da kusan shekara uku. Kuma bai yi tsawon rai ba, a 1985 ya rasu yana da 47.

Malam Na Zango: Kawu ka ambaci ɗan liman ka wuce da sauri. Ni a nan ne fim ɗin ya kama ni, ba a gada ba. Tsoho makaho, limamin ƙauyen da yawancinsa Hindu ne, ɗansa ɗaya tal, Ahmed. Ya matsa masa ya tafi birni neman aiki, yaron ba ya so ya bar uban. A hanya yaran Gabbar suka tare shi, aka ɗoro gawarsa a kan doki aka turo ƙauye da takarda: ku miƙo Jai da Veeru ko kowa ya ga irin wannan. Mutanen gari suka fara cewa a miƙa su a huta. Tsohon nan yana lalube ya taɓa fuskar ɗansa. Bai yi kururuwa ba. Ya gaya musu shi ne ya yi rashi, kuma shi bai yarda a miƙa baƙin ba. Sai aka kira salla, ya juya a kama masa hannu zuwa masallaci. A zango in aka zo nan ba ka jin ko tari. A. K. Hangal sunan dattijon, ba Musulmi ba ne, amma ya san yadda tawakkali yake a fuska.

Maman Khalifa: Malam ka sa ni hawaye a tsakar dare.

Ɗan Fagge: To Auta, ka ji. Fim ɗin da aka ce an ɗauko ƙashin bayansa daga Seven Samurai na Japan da finafinan kaboyi, amma ka ji abin da aka zuba a ciki. Ba irin naku ba da akta zai doki mutum ɗaya mota goma ta tashi sama.

Autan Gida: Yaya kar ka taɓa mana namu. Kuma mu aƙalla muna jin abin da ake cewa, an fassara mana da Hausa. Ku fa shekara nawa kuna kallon baki yana motsi kuna ƙirƙirar labarinku?

Kawu: Wannan gaskiya ne, ba zan ɓoye ba. Akwai wajen da Jai ya je nema wa Veeru auren Basanti wajen gwaggonta. Mu a silima mun ɗauka yabonsa yake yi, ga fuska a natse, ga ladabi. Sai da na samu mai rubutu a ƙasa na gane cewa tona masa asiri yake: ba shi da sana'a, yana caca, in ya sha ne ake jan sa wajen cacar, asalinsa kuma in an gano za a sanar da ita. Duk cikin sigar yabo. Na yi dariya har na ƙware, shekara ashirin bayan kowa a Indiya ya gama tasa.

'Yar Jos: Irin ɗan aiken da ba a so a tura gidan surukai ke nan.

Ɗan Damagaram: Kin gani ko? Mutumin naku dai. Kwabon bogi, ga ɓata wa aboki aure. Veeru sai da ya hau tanki ya yi barazanar faɗowa kafin a ba shi.

Maman Khalifa: Ai gaskiya ya faɗa. Wace uwa ce za ta ba mashayi 'ya ba a gaya mata ba?

Ɗan Zazzau: To a kaɗa ƙuri'a mana, ƙarfe ɗaya ta wuce. Ni Veeru.

Ɗan Damagaram: Veeru.

Ɗan Fagge: Jai.

'Yar Jos: Jai.

Maman Khalifa: Jai, amma ban yafe wa masu labarin ba.

Kawu: Thakur.

Malam Na Zango: Gabbar, ko ni kaɗai ne.

Ɗan Zazzau: Auta kai ne raba gardama. In ka ce Veeru an yi uku da uku.

Autan Gida: Ba zan kaɗa ba sai na gani da idona. Yaya turo min, ina da data ta dare.

Ɗan Fagge: Ya fi awa uku fa, kuma gobe kai ne da buɗe shago.

Autan Gida: Turo dai.

Autan Gida: Salamu alaikum, ina kwananku. Ban yi barci ba sai bayan asuba. Yaya ka yi haƙuri shago sai tara.

Ɗan Damagaram: To lauya, Veeru ko?

Autan Gida: Ku bar ni tukuna. Na san kwabon na bogi ne, Anti ta riga ta faɗa, amma da ya fito da shi a bakin gadar nan sai da na ce da wayata kar ka yarda, karɓi kwabon ka duba. Mamanmu ta leƙo ta ce da wa nake faɗa.

Ɗan Zazzau: Ƙuri'a muke jira, ba labarin mamanku ba.

Autan Gida: Ni tambaya ce da ni. Duk shekarun nan da suka yi tare, gidan yari da waje, ko sau ɗaya Veeru bai taɓa cewa kawo ni in jefa ba? Anya bai sani ba kuwa?

'Yar Jos: Kai. Tsaya in sauke yara a makaranta, ina zuwa.